Wutsiyar da Kawu Arzika Ya Mayar wa Masu Ita

Duk wanda ya san Kawu Arzika a Tabotaki ya san ba ya gaida mutum sai ya gaida dabbarsa. Ka zo bisa jaki, sai ya kama kunnen jakin ya ce, "Sannu da ɗaukar kaya, bawan Allah," kai kuwa kana tsaye da hannu a miƙe. Sai ya gama da jaki sannan ya juyo: "Af, kai ma kana nan?" Ya yi wa maigari haka da dokinsa. Ya yi wa liman da ragonsa na layya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara arba'in ina jin kunyar abin nan, ban taɓa sabawa ba. Shi kuma ba ya kirana da sunana Sa'idu. Malam In-Hwa yake ce mini, wai kowace maganata da "in fa" take farawa. To ni ban ga laifin mutum ya yi tunanin gaba ba.

Tun ranar da muka rufe shi mutane ke ce mini in ba da labarin tafiyarmu Yamai. Kuna dariya ne don ba ku cikin motar.

Shekarar, yanar ido ta rufe masa ido biyu, sai inuwa-inuwa yake gani. 'Yarsa Rabi, mai aure a Buza, ta samo takarda: likitocin ido sun sauka Yamai, za su rufe rubuta suna ranar Alhamis ƙarfe sha biyun rana, kuma ba su dawowa sai baɗi. Ni na karanta mata, da yake na kai aji shida a lekwal. Ta ce, "Sa'idu, uban Baba makaho ya mutu, kakansa ma haka. Kada ya zama na uku. Amana na ba ka." Tun daga lokacin abinci ya daina yi mini daɗi.

Muka samu Illa direba zai kai albasa Yamai da tsohuwar motarsa katkat. Laraba da asuba muka tashi. Na lissafa hanya sau biyar: Buza, Madawa, Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, in Allah ya so mu yi sallar magariba a Yamai. Kawu ya shigo da buta, da sanda, da wata tsohuwar jakar fata da ya rungume kamar jinjiri. Ko gari ba mu bari ba ya dafa kafaɗar direba.

"Illa, yau kai ne idona. Duk abin da ka gani mai rai, ka hwaɗa mini."

Ku kun san Illa. Ai kamar an ba shi sarauta! Kafin Buza mun tsaya wa damo, mun tsaya wa zabin daji, mun tsaya wa raƙuman wani Buzu guda goma sha ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya Kawu ya gaishe su. Na matsa kusa da kunnen Illa na ce don Allah in ya ga abu ya yi shiru. Ashe idon ne kawai ya tafi, kunnen na nan.

"Lalle! Malam guda shina koya wa direba ɓoye gaskiya!"

Abin ya dame ni. In an duba, ɓoye gaskiyar ce.

Bayan Madawa ya sa aka tsaya da kansa, wai ya hango kunkuru bakin hanya. Ya sauka, ya durƙusa, ya yi masa sannu da rana, ya tambaye shi iyali. Na ce, "Kawu, kututture ne fa."

Ya shafa, ya ji icce ne. Ko a jikinsa. "To, shi ma ya taɓa yin rai. Kai wa ya gaishe ka yau?"

Gaba da Kwanni jandarmomi suka tsai da mu. Ɗaya ya leƙo ya ce a buɗe jaka. Kawu ya sa hannu ya zaro wani abu dogo, busasshe, da baƙin gashi a ƙarshensa kamar tsintsiya.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Abin korar ƙuda ne, ɗana." Ya kaɗa shi gaban hancin jandarman. Mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce.

Da muka yi nisa na ce, "Kawu, wutsiyar mece ce?"

"Ta raƙumin dawa."

Innalillahi! Dabbar da gwamnati ke tsaro da bindiga! Na ce in fa sun gane? In fa sun rufe mu har Alhamis ta wuce? Ga shi kuma ya yi wa hukuma ƙarya ina zaune ban ce komai ba.

"Wace ƙarya? Mai ita da mi yake korar ƙuda?"

A nan ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba, duk da gidanmu ne. Kakansa mahalbi ne, tun kafin gidan su kama salla. Shi ya harbe raƙumin dawa na ƙarshe da aka gani a kwarinmu, wata mace da ta tsaya tana kallonsa ba ta gudu ba. Ya yanke wutsiyar ya ajiye. Daga baya ya makance, ɗansa ma ya makance. Kawu ya ji an ce sauran danginta suna Kure, tsakanin Doso da Yamai.

"Ba likitan da za shi taɓa mini ido sai na kai musu kayansu."

Na ce, "Subhanallahi! Kawu, wannan ai ya yi kama da aikin mutanen da. Makanta daga Allah take, ba daga wutsiya ba."

"Na ce maka zan yi musu sujada? Kayan mutane ne a hannuna. Ba kai ke karanta muna cewa a mayar da kayan mutane ba?"

"Ai ba mutane ba ne!"

"Kai ka ce."

Na roƙe shi mu biya a dawowa, bayan aiki, lokacin ma zai gan su da kyau. Ya ce wanda ya ba da haƙuri bayan ya samu biyan bukata ba haƙuri ya ba da ba. Da gaishe-gaishen nan magariba a Doso ta same mu, muka kwana can.

Alhamis da safe na ɗaura agogo a hannu, na ɗaura takardar Rabi a ƙugu. A Kure muka ɗauki mai jagora, wani dogon Bazabarme mai suna Hamani, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Muka bar kwalta muka shiga daji. Ƙasa ja, geza da sabara jeri-jeri, ƙaya na karce jikin mota. Jan biri ya tsallaka da gudu, Illa ya faɗa, Kawu ya ɗaga masa hannu. Kurege ya wuce, shi ma ya samu tasa. Ƙarfe tara da rabi katkat ta nutse cikin rairayi. Muka sauke buhunan albasa, ni da Hamani muna turawa, Kawu na zaune gaba yana ce mini, "Malam, tura da kyau, za ka sa mu makara." Ni! Na yi istigfari a kan abin da ya zo mini a baki.

Sha ɗaya saura kwata Hamani ya ɗaga yatsa. Su bakwai ne, gindin wata farar ƙaya. Ban taɓa zaton Allah ya yi abu mai tsawo haka ya kuma ba shi natsuwa ba. Na ɗan lokaci na manta agogo. Kawu ya sauka, muka riƙe shi. Ya ɗaga kai sama, yana ƙifta ido.

"Ina ganin wani abu kamar turken rumfa shina motsi."

"Su ne, Kawu."

Ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya ce daga Adar yake. Ya tambaye su ruwa, ya tambaye su ciyawa. Ya gaya musu an sake dasa itace a kwarinmu, in suna son komawa akwai wuri. Sannan ya zaro wutsiyar.

Hamani ya dafe kai. "Baba! Wannan ina ka samu? Wannan ai sai gidan kaso!"

Na ce shi ke nan, abin da nake tsoro ya zo. Amma Kawu ya miƙa masa ita ya shafa. Hamani ya ga gashin na zubewa don tsufa, ya ce ta girmi gwamnatin ma. Ya juya baya ya ce shi bai ga komai ba. Kawu ya rataye ta a reshe ya ce, "Ga ta. Kakana ya yi kuskure. Ku yahe muna." Wata babba ta sunkuyo, ta shinshina, ta ci ganyen da ke gefenta, ta wuce abinta.

"Ta karɓa," in ji Kawu.

"Kawu, ganye ta ci."

"In ba ta yahe ba za ta ci abinci gabana? Mu tahi. Kai kullum kana ɓata wa mutane lokaci."

Yadda Illa ya tuƙa motar nan, Allah kada ya sake nuna mini. Sha biyu da minti ashirin muka shiga asibitin, muna warin albasa. Matar da ke rubuta suna ta riga ta rufe littafi. Na miƙa takarda, rigata ta yage, na fara bayani, sai kuka ya ƙwace mini, ni da gemuna. Kawu kuwa ya durƙusa yana gaida wata mage a ƙofa. Matar ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "To a cikinku wane ne marar lafiyar?" Ta buɗe littafi ta sa sunansa a ƙasan kowa.

Da aka yi aikin aka kwance masa bandeji, ni ya fara gani. Ya daɗe yana kallona ya ce, "Ashe haka ka tsuhwa? In-hwa ta cinye ka."

Har ya rasu muna gardama. Ni in ce Allah ne ya ba likita sa'a, shi ya ce awo, bayan an mayar da wutsiya. A hanyar dawowa ni da kaina na ce wa Illa mu biya Kure, Kawu ya gan su da idonsa. Ya ƙi fur.

"Kada ka tsaya! Sai su ce mun dawo karɓar kayan."

Amma Allah ya sa ɗaya na tsaye can nesa da kwalta. Illa bai faɗa ba, don babu bukata. Kawu ya manna fuska jikin gilashi har ta ɓace, bai gaishe ta ba. Sai da muka kusa Doso ya ce a hankali, "Sa'idu, ashe zane gare su a jiki." Sau ɗaya ke nan ya kira sunana.

Shekara shida ya yi yana gani bayan nan. Ya ga jikokin Rabi, ya daina gaida kututture. Ya Allah, wannan tsoho ya tafi babu kayan kowa a hannunsa, ko na dabba. Ka yafe masa yadda ya nemi a yafe wa kakansa. Kai da ka mayar masa da hasken ido, ka haskaka masa kabarinsa. Amin.