La'asar ɗin Wace Shekara?

Wata ranar Talata a watan Zulƙida na shekarar 1965, ina durƙushe a ƙofar gidanmu na kwano a unguwar Utaibiyya ta Makka ina ɓare gyaɗar da Inna za ta soya cikin yashi, sai ga wani dogon mutum da akwatin ƙarfe a ka ya tsaya ya yi sallama. Na ɗauka alhaji ne ya ɓata hanya, har na miƙe zan nuna masa hanyar Harami. Inna ta leƙo da ludayi a hannu, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce in gaida ubana. Shekarata tara a lokacin, ban kuma san fuskarsa ba.

Labarinsa kuwa har awakin da ke cin kwali a lungunmu sun sani. Ina goye ya ce wa Inna zai leƙa Jidda neman aikin dako a tashar jirgin ruwa, zai dawo kafin la'asar. Shi ke nan, ba saki, ba aike. Inna ta kama suyar gyaɗa, ni kuma da na tasa na zama mai ɗebo ruwa da kai talla. A bakin murhun nan ta haɗa waƙarta:

"Ka ce mini sai la'asar, Malam,
La'asar ɗin wace shekara?
Tuwonka na rufe a kwano,
In ba wa kaji ko in jira?"

Maƙwabta suka ji ta bayan bangon kwanon gidanmu, suka roƙe ta ta yi musu a wajen biki. Kafin ka ce kwabo, duk gidan Bahaushen da ake aure a Makka sai an aiko neman Inna, wato Hauwa mai la'asar, da ƙwaryar kiɗanta. Da waƙar muka ci, da ita aka ɗinka mini rigar sallah. Mu yara muka mayar da ita ta tafa-tafa da carafke. Alhazai masu komawa gida ta Sudan suka tafi da ita a baki, wani saurayi mai kiɗan udu, garayar Larabawa, kuma ya juya ta da Larabci, aka sa a faifan garmaho, ana kunnawa a gidajen gahawa. Jama'a suna ɗauka waƙar bege ce, ta mace mai kukan rabuwa da masoyi. Inna takan ce ita ba kuka take ba, tambaya take yi a bainar jama'a tunda ba ta da wanda zai tambayar mata.

Dawowar Baba ta faranta mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni ce ɗaukar buta, ni ce shimfiɗa tabarma, ina bin ƙawayena gida gida ina faɗa musu ni ma ina da uba. Ba a jima ba ya tara dattawan unguwa a tsakar gidanmu. Ya ce a gidan gahawa a Bur Sudan ya fara jin waƙar, 'yan dako 'yan uwansa suna rera ta suna nuna shi da baki, har ta kai ba ya iya zama cikin mutane. Ya dawo ne ya riƙe iyalinsa, amma sai Inna ta rantse ba za ta ƙara yin waƙar ba. Dattawan nan, da gemunansu da carbinsu, suka yi ta jera mata haƙuri, wai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Babu ko ɗaya da ya tambaye shi inda ya shiga duk shekarun nan, ko me muka ci. Wannan abu har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Inna ta daɗe tana kallona ina manne da gefen rigar Baba, sannan ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani ta rantse.

Ana gama aikin Hajji, alhazai suka fara watsewa, Baba ya bi su. Wannan karon bai ce la'asar ba. Wani direban babbar mota ne ya kawo saƙon saki da baki, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Nan na gane ba mu Baba ya zo nema ba, bakin Inna ya zo rufewa, kuma ya samu abin da ya kawo shi.

Mata suka yi ta sintiri gidanmu suna roƙon Inna ta koma waƙa. Limamin unguwa da kansa ya zo ya ce mata, "'Yata, rantsuwa irin wannan tana da kaffara. Ki yi, ki koma sana'arki."

Inna ta ci gaba da juya gyaɗarta, ta ce, "Na gode, Malam. Mai saɓa magana ɗaya ya ishi yarinyar nan gado."

Ba ta sake yin waƙar ba har ta koma ga Allah. Masu biki suka daina aikowa, don waƙar suke so, wasu matan kuma suka ɗauke ta suka ƙara mata saurin kiɗa. In an gayyace mu aure aka fara ta, Inna takan zame ta koma bayan gida wajen masu wanke-wanke. Na sha tarar da ita can tana dirzar tukunyar da ba ta da sauran datti.

Yanzu gidajen kwanon nan duk an rushe su, ina zaune a bene a unguwar Shisha, ruwa na zuwa har ɗaki. Jikokina, da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, suna kunna waƙar ta Larabcin a waya suna rausaya, wai tsohuwar waƙar soyayya ce. Na gaji da gyara musu. Muryar mai waƙar nake marmari, ita kuwa babu faifan da ya taɓa ɗauka.