Allurar Da Na Cire Daga Kitson Asiya

Umdurman

'Yan'uwa na Jazira, kun matsa mini da tambaya, to ga yadda aka yi. Kafin kiran asuba muka fito daga gidanmu da ke bayan Kasuwar Libiya, ni da 'yata Asiya da jaririnta. Tun bayan suna ta ji kullutu a nonon hagu. Irinsa ya kashe yayata Hauwa, shi ya sa ban tsaya jiƙe-jiƙe ba.

A ƙofa na soka mata allura cikin kitso. Mai jego ba ta ƙetare kogi babu ƙarfe a jikinta, haka muka tarar.

"Inna, asibiti fa za mu," in ji ta.

"Aljanu ba sa zuwa asibiti ne? Wuce."

Raksha mai ƙafa uku ta kai mu tasha, muka shiga hafila, babbar motar haya. Kwandastan ya so ya cusa mana wani ƙato a gefe. Kallo ɗaya na yi masa, ya mai da shi baya.

Kan gada

Sojoji sun tare bakin gada, suka sauke samari suna duba takardu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Na ce gidan likita. Ya dubi jaririn, ya buga jikin motar, muka wuce. Asiya ba ta kalli ruwan Nilu ba, hannunta na kan ƙirji.

Khartum

Da hantsi muka ga likitar, mace ce mai lulluɓin farin tobi. Na ce ta yi mini bayani da Larabcin kasuwa, ba na makaranta ba. Ta yi dariya ta ce injin hoton da za a sa Asiya a ciki, ruwan cikin tsoka yake kallo. Mugun ƙari a cushe yake, ruwa ba ya samun hanyar motsi. Wanda ba mugu ba sakwa-sakwa ne, ruwa na yawo a cikinsa. Ta ce wannan awon ba ya bukatar a zuba wa mai shayarwa magani a jijiya. Na gane. Wanda ya yi ban-ruwan auduga ya san ƙasar da ke shan ruwa da wadda ke riƙe shi.

Ma'aikaciyar ɗakin injin ta karɓe 'yan kunne da warwaro, ta sa Asiya ta goge kwalli. Ta tambaye ta ko da sauran ƙarfe, Asiya ta ce babu. Ta manta. Ni ban manta ba, na dai yi shiru.

Sai na lura ita kanta ma'aikaciyar ta ajiye makullanta da agogonta a waje kafin ta taɓa ƙofar. Na ce, "'Yar nan, ke me ya hana ki shiga da su?"

"Injin maganaɗisu ne, Hajiya. Yana fizgar ƙarfe, yana kuma ɓata hoton."

Na tsaya. In na bar allurar, hoton zai iya yin ƙarya. In na cire, na tura mai jego cikin ramin injin nan babu tsari. Na kira Asiya, na zare allurar da hannuna, na tofa mata Ayatul Kursiyyu a ka. Ta kwanta rub da ciki aka tura ta. Injin ya yi ta bugu kamar maƙera, ni ina waje da jariri a baya da allura a tafin hannu.

Alshajara

Aka ce sakamako sai gobe. Muka kwana gidan ƙanena Ɗahiru mai walda a unguwar Alshajara. Matarsa ta kawo kisra, gurasar dawa, da miyar kuɓewa, Asiya ta ci loma biyu ta ture.

Komawa

Washegari likitar ta nuna mana hoton. Ni toka-toka kawai na gani.

"Ruwan yana tafiya?" na tambaye ta.

"Yana tafiya, Hajiya. Alamu sun nuna nono ne ya taru ya daskare. Amma ku dawo bayan wata uku in sake dubawa, kada ku ce an gama."

"Ni zan kawo ta."

Asiya ta sa fuska a kafaɗata. Na bar ta ta yi kukanta, sannan na ce ta gyara mayafi, mutane na kallo.

Kafin mu hau gada na mai da allurar cikin kitsonta. Mun iso gida ana kiran la'asar. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, da ku da kuka yi ta addu'a. A cikinku duk wadda ta ji kullutu, ta zo, na san hanya yanzu.