Shekara Takwas ɗin da Keziah Ta Ɓoye

Keziah Larter mai gyaran kifi ce a bakin teku a gabashin Ingila, kuma duk mai sonta zai gaya maka wuƙarta da bakinta kaifinsu ɗaya. Ƙarya ɗaya tak ta taɓa yi mai tsawon rai. Ranar da Obadiah, mai keken doki da ke kwasar gangunan kifi, ya tambaye ta shekarunta, tana da ashirin da bakwai, shi kuwa ashirin da biyu. Ta dube shi ido cikin ido ta ce sha tara. Aka yi aure a haka, suka shekara talatin da tara tana masa tsiyar cewa ya auri yarinya ya tsofar da ita.

Ɗansu ɗaya teku ta ci shi. Doki ya mutu, yatsun Keziah suka ƙage har wuƙa ta gagare ta riƙewa. A farkon sanyin 1886 suka rufe ƙofarsu suka nufi gidan gajiyayyu, tana tafe tana faɗa a kan takalminsa da bai goge ba.

A bakin ƙofa magatakarda ya tambayi shekaru. Obadiah ya ce sittin da ɗaya. Keziah, da yake yana tsaye kusa da ita, ta ce hamsin da takwas, har da gyara hula. Aka karɓe tufafinsu aka kai ɗakin ajiya, aka ba su na gida masu kaushi, maza suka yi dama, mata suka yi hagu, katanga a tsakani. Ba sa ganin juna sai Lahadi a coci, shi ma daga nesa.

Keziah ba ta bari an ga hawayenta ba. Ta zama mai ba kowa dariya a ɗakin wanki, tana kwaikwayon tafiyar shugaban gidan, tana cewa kunun safe ya yi tsararon da za ta iya duba fuskarta a ciki. Amma tarin Obadiah na iso ta daga farfajiyar maza, inda ake sa su warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa. Ta san ba ya ɗaura mayafin wuya sai an yi masa faɗa, kuma babu mai yi masa. Wannan ya hana ta sukuni.

Wata tsohuwa mai suna Dorcas ce ta ba ta labari suna matsar zannuwa. Akwai ɗaki guda na ma'aurata a bayan coci, mai murhu, ya zama babu kowa. Doka ta ce miji da mata su zauna tare idan dukansu sun haura sittin.

"Ke kam sai ki jira shekara biyu, 'yar yarinya," in ji Dorcas.

Keziah ta saurari tarin nan ta san ba zai kai shekara biyu ba. Kwana uku tana kokawa da kanta, don a wurinta gara a aske mata kai da ta faɗi shekarunta a gaban mutane. A rana ta huɗu ta nemi ganin kwamitin gidan.

Dattawa shida ne a bayan tebur, an kuma kira Obadiah ya tsaya a gefe. Keziah ta kafe idonta a kan bango.

"Ranku ya daɗe, shekarata sittin da shida. Na girme wa wannan bawan Allah da biyar."

Shugaban kwamitin ya yi murmushi. Ya ce ya saba ganin tsofaffi suna ƙara wa kansu shekaru don a ba su shayi da sukari, ga kuma littafin shiga ya ce hamsin da takwas da bakinta. Ina shaida? Cocin da aka yi mata baftisma ta ƙone tuntuni da takardunta. Keziah ta ga ta yi biyu babu. Ta zubar da mutuncinta a banza, ga ɗaki zai wuce su.

Sai Obadiah ya yi gyaran murya, ya roƙi a ɗauko masa tsohuwar kwat ɗinsa daga ɗakin ajiya. Aka ɗauko. Ya farke shafin ciki ya zaro wani ɗan ƙyalle da ya sha jiki, irin wanda 'yan mata ke koyon ɗinkin ado a kai, su sa suna da shekara a ƙasa. An rubuta da jan zare, da sunanta na gidan uba: Keziah Mobbs, shekara tara, 1829. Ita da hannunta ta cusa shi a kwandon shara ana gobe ɗaurin aurensu.

"Yallaɓai, ban iya karatu ba," in ji Obadiah, "amma mai keken doki ya san lamba, don a duwatsun ƙidayar mil na bakin hanya na koya."

Dattawa suka yi lissafi da yatsu, ɗaya ya juya baya yana dariya ƙasa-ƙasa. Aka ba su ɗakin, aka ƙara wa Keziah shayi da sukari, hakkin da ta yi wata biyu tana hana kanta.

Da yamma ta zaunar da shi gaban murhu, ta naɗa masa mayafin wuya da ƙarfin da ya fi kima. Kunya da daɗi sun cika ta, ta rasa wanda za ta fara da shi, sai ta fara da faɗa.

"Kai tsohon banza, shekara talatin da tara kana jin ina kiran kaina yarinya, ka yi gum?"

"To, Yaya, mene ne na tona miki asiri?" in ji shi.

"Ka sake ce mini Yaya ka ga."

Obadiah ya miƙa ƙafafunsa kusa da wuta. "Ke kika yar da shekara takwas. Ni kuma na ga abu mai kyau ne, na tsince na ajiye mana, ko wata rana za mu buƙace su."

Sanyi huɗu suka yi tare a ɗakin nan, kuma kullum sai ta ɗaura masa mayafin.