Ranar da Inna Hanatu ta faɗi sunan ɗan farinta

Inna Hanatu ta Kucheri mace ce ta da, irin waɗanda yanzu sai an tona. Daga Karakkai aka kawo ta gidan Malam Haliru, ta zauna tana dakan daddawarta, har matan Tsafe na aikowa saye ran kasuwa. Ta haifi bakwai, shida tana kiran su da suna har da zagi. Na farin kuwa, Abdul'aziz, ba ta taɓa buɗe baki ta kira shi ba. A zamaninsu haka kunyar ɗan fari take: ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane, ana yaye shi kakarsa Iya ta ɗauke. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "mutumin ɗakin Iya". Matan yanzu da ke goya ɗan fari suna ɗaukar hoto da shi, da Hanatu ta yi haka da matan bakin rijiya sun cinye ta da gulma.

Yaron ya taso dogo kamar karan dawa. A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa. Hedimasta kan ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunne, in ya kai ya isa makaranta. Abdul'aziz yana shekara biyar hannunsa ya wuce kunne. Hedimasta ya dube shi sama da ƙasa ya rubuta takwas. Babu wanda ya damu, wa ke cin shekaru?

Ya yi karatu har ya gaji da shi, kuma duk na tarihi. Tsararrakinsa sun zama masu allura da masu gina gada, shi yana yawo ƙauye ƙauye da rikoda yana tambayar tsofaffi wa ya sari garin nan. Ya zama dakta, wanda ba ya ba da ko maganin ciwon kai. Shekara goma sha biyu yana koyarwa a sakandare a Bilbis, yana jiran ranar da wata jami'a za ta nemi malamin tarihi. Irin wannan gurbin kuwa kamar haihuwar raƙumi yake, sai an daɗe.

Sai ga shi an buɗe guda a Gusau. Sharaɗi ɗaya ya tsaya masa a wuya: kada mai nema ya haura arba'in. Takardarsa ta ce arba'in da biyu, alhali talatin da tara gare shi. Aka ce mafita guda ce, wanda ya ga haihuwarsa ya je kotu ya rantse. Malam Haliru ya rasu, Iya ta rasu, ungozoma ta daɗe da bin su. Saura Hanatu. Kwana uku kuma ya rage a rufe karɓar takardu.

Shi bai iya tunkarar ta ba, sai matarsa Suwaiba ta same ta tana tsince kalwa.

"Inna, kalma biyu ce fa. Ki ce ke kika haife shi, ki faɗi sunansa."

"Ke ɗiyar nan, ba ki da ta ido? Gaban maza? Su ba su da idanu su ga kama?"

"Kotu ba ta aiki da kama, Inna."

"To ta yi aiki da ke, tunda bakinki bai da ƙyaure."

Suwaiba ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "In wannan ya wuce shi, sai ya yi furfura a Bilbis. Shi ba zai roƙe ki ba, kin san shi. Irinki ne."

Hanatu ta ci gaba da tsintar kalwa har ta tsince wadda ba ta da tsakuwa.

Da safe sai ga ta da mayafinta na zuwa suna, wanda ke ƙasan adaka. A kotun Tsafe magatakarda, yaro sa'an autanta, ya tambaye ta shekarar.

"Shekarar da soja suka canza kuɗi. Ina da ciki wata bakwai muka yini a layi nan Tsafe. Da aka yi shukar fari aka sauka."

"Wa ya sauka, Inna?"

"Wadda ke da cikin."

"Inna, ba ni na tsara ba. Sai kin faɗa da bakinki. Wa kika haifa?"

Abdul'aziz yana tsaye bayanta, dakta guda, kansa a ƙasa kamar wanda ya yi sata. Hanatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta dubi bango. Ta tuna surukarta Iya, da matan da suka yi zamani tare, duk suna ƙasa, babu ko ɗaya da ta taɓa yin abin da za ta yi.

"Ni na haife shi," ta ce. "Abdul'aziz."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Magatakarda ya rubuta, ta dangwala yatsa. Ran ƙarshe takardun suka shiga Gusau, kuma bayan wata huɗu aka ɗauke shi. Yanzu haka yana can yana koya wa 'ya'yan mutane wa ya sari Bungudu.

Amma a ranar, cikin motar komawa Kucheri, babu wanda ya san haka. Ya zauna gefenta yana ta share ido da hannun riga, ita tana kallon gonaki ta taga. Sai da suka kusa gari ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Wancan. Kada ka saba."