Abin da ke gaban layin farko

Shekarun baya, ɗiyata ta biyu ta dawo Matameye daga karatun injiniya da wani ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu ba. Ita ta haɗa shi, ita ta rubuta umarnin da ke cikinsa. Aikinsa ya kunna famfon ban-ruwa, ya ƙirga mintoci, ya kashe. Abokina kuwa, wani Alhaji da muka yi karatu a zaure ɗaya, yana da lambu a wajen Tsauni, gwiwa ta fara hana shi tsayuwa kan famfo. Ni na kai masa maganar, na ce na tsaya mata. Ban san komai game da akwatin ba. Ɗiyata kawai na sani.

Kwana tara yana aiki lafiya. A na goma famfon ya ƙi tsayawa, ruwa ya kwanta kan fangali biyu na irin albasa har suka ruɓe. Alhaji ya zo zaurena bayan la'asar, ya ajiye akwatin kan buzu.

"Malam, ga amanarka. Saura fangali huɗu, kuma lokacin dashe ba ya jira. In ba a gano ciwon ba zuwa Juma'a, na koma wa gwiwata, ita ko ta yi ciwo tana faɗa mini."

Mu a saninmu, idan littafi ya zo da kuskure, muƙabala ake yi: ɗaya ya karanta, ɗaya ya bi da ido. Sai na sa ɗiyata ta buga umarnin akwatin a takarda kwafi biyu. Na ce ta nuna mini mafari, ta ɗora yatsa kan wata kalmar Ingilishi, main, ta ce nan ne babban aikin yake farawa. Muka zauna, tana karantawa ina bi da tsinke, harafi bayan harafi. Sau uku muka sauke shi. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma na kama wani waƙafi da na ga ya karkace, na yi ta murna. Ta ce, "Baba, tawadar injin ce ta zuba."

Da ba mu sami komai ba, na fara zargin abokina a zuci.

Ita ba ta zargi kowa ba. Ta hau mota ta tafi lambun, ta zauna tana kallo. A nan ta ga Alhaji yana cire wayar batirin da akan jona akwatin da shi, ya yi cajin salularsa, sannan ya mayar. Ta dawo ta buɗe wani rubutu daban wanda ba ta taɓa nuna mini ba, domin ba ita ta rubuta shi ba, aro ta yi daga wani aiki.

"Baba, inda na nuna maka ba shi ne mafari ba."

Ta bayyana mini a hankali. Idan wuta ta shiga akwatin, ba ya zuwa kan umarninta kai tsaye. Akwai ƴan layuka da ke riga su. Su ne ke ware wurin da zai riƙa ajiye lissafin wucin gadi, su kwaso lambobin farawa daga ma'ajiya mai dawwama su jera, su shafe sauran ƙwaƙwalwar ta koma sifili, sannan su kira babban aikin. Layukan da ta aro an yi su ne don ƙwaƙwalwa ƙarama, rabi kawai suke shafewa. Wurin ƙirga mintoci yana cikin rabin da ba a shafe ba. Idan akwatin ya daɗe a kashe, saura yakan gushe da kansa. Idan an cire waya an mayar nan take, sai ya farka ya tarar da tsohuwar lamba a gurɓace, ya ɗora ƙirga a kanta.

Na ce, "Wato kin rubuta sabon karatu a allon da aka wanke rabinsa."

Ta ce haka ne. Gyaran layi biyu ne. Ran Alhamis ta mayar da akwatin, ta sa Alhaji ya cire wayar ya mayar sau ashirin a gabanta. Fangali huɗun suka kai dashe.

Abin da na riƙe daga wannan kaɗan ne. Na yi shekara da shekaru ina karantar da littattafan fiƙihu, kuma babu wanda ya buɗe da babin salla; tsarki ake fara kawowa, tare da cewa shi ba raka'a ba ne. Na san wannan kamar sunana. Amma da aka miƙo mini takarda, na yarda cewa abu yana farawa ne a inda aka ɗora mini yatsa, har na kusa ɗora wa abokin shekara hamsin laifi. Na gaya masa hakan daga baya, na nemi afuwa. Ya yi dariya ya ce ya gani a fuskata tun ranar.

Har yau idan ya aiko mini da albasa, saƙon ɗaya ne: a gaida injiniya, a gaida mai tsinke.