Inna da Abokin Kaɗinta na Indiya

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da aboki a ƙasar Indiya. Ba su taɓa haɗuwa ba, domin ya bar duniya tun tana 'yar ƙarama. Ni ce na haɗa su.

Ina 'yar sakandare, muna zaune a unguwar Gangare cikin Jos, aka kawo mana wata malama Ba'indiya mai ɗigon ja a goshi. Lissafi take koyarwa, amma idan ta ga idanunmu sun fara lumshewa sai ta ajiye alli ta ba mu labarin wani tsoho na ƙasarsu da ya jagoranci mutanensa suka karɓi 'yanci ba tare da ya ɗauki ko wuƙa ba. Wata rana ta ba ni aron hotonsa na tafi da shi gida. Tsoho ne siriri, ƙafafu kamar sillen kara, da tabarau da ɗan zane a kafaɗa, yana zaune a ƙasa yana juya wani keke na kaɗa zare.

Na tarar da Inna a tsakar gida da mazarinta, domin kaɗi shi ne sana'arta. Ta karɓi hoton ta ƙura masa ido.

"Wannan tsohuwa ce ko tsoho?"

"Namiji ne, Inna. Babban shugaba ne."

"Namiji da kaɗi? To matarsa me take yi, noma?"

Ta yi dariya har mazarin ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin turmi. Da ta natsa sai ta sake kusanto da hoton ta dubi yatsunsa. Ta ce, "Amma fa ya iya. Dubi yadda ya saki hannu. Mai fushi ba ya kaɗi, zaren tsinkewa yake yi." Ni kam har yau ban iya kaɗi ba, kuma duk wanda ya san ni ya san dalili.

Sunansa ya ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa masa nata, Mai Kaɗi. Kullum na dawo makaranta sai ta tambaye ni me aka ƙara faɗa a kansa. Na gaya mata Turawa sun hana mutanensa ɗibar gishiri a bakin tekunsu, shi kuma ya taka da ƙafa har can ya ɗiba. Ta ce, "Turawan nan dai da suka haƙe mana Jos suka kwashe kuza?" Na ce su ne. Ta ce ashe ciwonmu ɗaya. Na gaya mata ana dukan mabiyansa da kulki amma ya hana su ramawa, na kuma ƙara da nawa ra'ayin, cewa wannan ragwanci ne, wanda ya mare ni sai na rama har da riba. Inna ta ce, "Ke ai ramawa ba ta yi miki wuya, ko akuya ta iya. Ki tsaya a wurin, ba ki gudu ba, ba ki rama ba, ki gwada ki gani in ragwanci ne."

Abin da ya fi shiga ranta shi ne na ƙarshe. Lokacin da Musulmi da masu addininsa suka shiga kashe juna, tsohon ya rufe bakinsa ya ƙi cin abinci sai sun daina. Daga baya wani ɗan addininsa ya harbe shi, don yana ganin ya fiye tausaya wa Musulmi. Ranar da na ba ta wannan labarin ta ajiye audugarta ta share hawaye da bakin zani. Ta ce, "Allah ne ya san hukuncin bayinsa. Amma wannan bawan bai ci amanar maƙwabci ba."

Shekaru suka ja. Na yi aure, muka koma unguwar Daɗin Kowa, na yi koyarwa har na yi ritaya. Bayan rasuwar maigidana sai gidan ya zama mu uku: ni, Inna da ta dawo wurina da tsufa da ciwon suga, da autana, saurayi mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Tsakaninsa da kakarsa sai Allah. Tana ce masa maigidana, yana ce mata amarya, kullum suna faɗan wasa a kan ya ƙi saya mata kayan lefe. Ba ta cin komai da daɗi sai abin da ya shigo da shi da hannunsa.

Bayan katangarmu akwai wata mata Kirista, 'yar asalin Vom, wadda duk unguwa ke kira Mama. Gwaten acca da take dafawa da yakuwa da gauta babu irinsa. Kwano yakan tsallako daga gidanta da gwate, ya koma daga namu da masa. Autana a tsakar gidanta ya koyi tafiya.

Sai wata shekara gari ya rikice, irin rikicewar da mu 'yan Jos muka sani ba sai an yi mana bayani ba. Unguwarmu Allah ya tsare ta, amma babban aminin autana, wanda suka tashi tare suka sayi keke tare, ya ɗauki fasinja zuwa wani gefen gari bai dawo ba. Da hannunsa ɗana ya sa shi a kabari. Bai yi kuka ba, kuma wannan ne ya fara tsorata ni.

Ya daina dariya. Ya daina gaida Mama, idan ya hango ta sai ya kau da kai. Kwanonta ya zo sau ɗaya, ya tare yaron da aka aiko a bakin ƙofa ya ce ya mayar, daga nan bai sake zuwa ba. Ya koma zama a wata majalisar samari da ba ni da natsuwa da ita, ya riƙa shigowa da kalmomin da ba na gidanmu ba, "su" da "mu", da maganar cewa jini ba ya tafiya a banza. Na san inda wannan hanyar take kai ɗan mutum, ko kabari ko abin da ya fi kabari muni. Na yi abin da na iya, wato faɗa. Na ɗaga murya, na yi rantsuwa, na ce zan tsine masa. Ya saurare ni kansa a ƙasa, ya tashi ya fita. Ni da na yi shekaru ina wa'azin ramuwa, ga shi ta shigo mini gida tana neman ɗana.

Wata safiya ya kawo wa Inna koko da ƙosai kamar kullum. Ta dube su ta ture.

"Maigidana, yau bakina ba ya son wannan. Gwaten ƙawata nake sha'awa. Ɗauki kwano ka karɓo mini."

"Amarya, ki bar wannan maganar. Ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba."

"To shi ke nan," ta ce, ta jawo mazarinta. "Zan jira."

Mun ɗauka rigimar tsufa ce. Rana ta yi, ba ta ci ba. Ya fita ya dawo da fura da nono mai kyau, ta ce a ba almajiri ya sha. Ya kawo tsire, ta yaba ƙamshinsa ta mayar masa. Ruwa kawai take kurɓa. Na ce bari ni in je in karɓo. Ta ce, "Ke ce mijina? Wanda ke ciyar da ni shi zai je." Na shiga kicin na dafa gwaten da kaina, na zuba a kwanon da ya yi kama da na Mama. Ta sunsuna ta ce, "Wannan hannun mai fushi ne, yakuwar ma ta ji tsoro."

A nan na gane abin da take yi, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, wannan aikin Mai Kaɗi ne kike kwaikwayo! Shi ba shi da ciwon suga. Kuma kin san addini bai yarda mutum ya cutar da kansa ba."

"Wa ya ce miki azumi nake? Azumi na Allah ne. Ni ban ƙi abinci ba. Abincina yana bayan katangar nan, taku kaɗan. A kawo mini in ci yanzu."

"Wannan tilas ce kike yi wa yaro."

"Na taɓa jikinsa? Na zage shi? Ke kin yi ta zagi, me ya canza?" Ta lakaci alli ta murza zarenta. "Cikina ne kaɗai abin da nake da iko da shi. Idan yana ganin ƙiyayyarsa ta fi ni, sai mu gani."

Kashegari da hantsi hannunta ya fara rawa. Zaren da ba ya tsinke mata ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin Jos. Na tsorata, har na fara neman mayafi don mu tafi asibiti ko da tsiya. Autana ya durƙusa a gabanta da kofin shayi.

"Don Allah, amarya, ko kurɓa ɗaya."

Ta ɗora tafinta a kansa. Muryarta ta yi ƙasa. "Sun kashe maka aboki, na sani, kuma Allah ba ya barci. Amma matar da ta goya ka ba ita ta kashe shi ba. Ni ba zan zauna ina cin ƙosai ina kallo a ɗauke mini kai da ranka ba."

Ya daɗe a durƙushe. Sai ya miƙe, ya fizgi kwano daga kan kwando kamar zai fasa shi, ya fita. Ban iya zama ba. Na bi shi har inda katangarmu ta ɗan rushe, inda ake hango tsakar gidan Mama.

Ya shiga babu sallama, ya tsaya ƙiƙam da kwano a hannu. Mama tana wanke-wanke. Da ta ɗago ta gan shi sai soson ya faɗi daga hannunta.

"Yarona, ka zo?"

"Kaka ce ta ce a ba ta gwate," ya faɗa yana kallon ƙasa.

"Kaka bai da lafiya? Wayyo! Akwai, akwai, na dafa da safe." Ta goge hannu ta karɓi kwanon, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana dubansa. "Na so in zo gaisuwa, na ji tsoron fuskarka. Wannan yaro, abokinka, a kan wannan benci yake zama. Kwano biyu yake ci, ya ce Mama ƙara, kar ki gaya ma mamana. Ni na yi kuka, yarona. Har yanzu in na dafa, ina ganin shi."

Ta fashe da kuka. Ɗana ya tsaya kamar an dasa shi, sai na ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Ya zube a kan bencin ya rufe fuska, wani irin kuka ya fito daga ƙirjinsa, kukan da ya riƙe tun ranar jana'iza. Mama ta zauna kusa da shi tana bubbuga bayansa kamar yadda take yi masa yana jariri. Ni ma a bayan katanga na yi nawa, na kuma gode wa Allah da babbar murya ban damu da wa zai ji ba.

Ya dawo idanu jajur, kwano cike yana tururi. Ya ajiye a gaban Inna ya miƙa mata cokali. Ta yi bismilla, ta ci na farko, ta ci na biyu, ta ci gaba har rawar hannunta ta lafa, muna zaune muna kallon bakinta. Da ta kusa rabi sai ta tsaya ta ɗan yatsina fuska.

"Maigidana, ya huce. Koma ka ce ta ɗumama mini."

Na buɗe baki zan yi magana, domin tururi na tashi daga kwanon kowa yana gani. Ta harare ni, sai na gane so take ya sake komawa. Autana ya dubi kwanon, ya dubi kakarsa, wani guntun murmushi ya kufce masa.

"Ke dai amaryar nan kin cika wahalar da miji."

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya fita a hankali. Muka kasa kunne, ni da Inna. Can muka jiyo muryarsa a ƙofar gidan maƙwabta yana cewa, "Salamu alaikum. Mama, ina kwana? Na sake dawowa."