Ciwon Inna a Jikin Hajiya

Muddin ina numfashi, ba zan manta ranar da na haɗa baki da ƙanwar mahaifiyata muka shirga wa likita ƙarya ba, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tagwaye ne ita da ƙanwar tata, Hajiya. Kamarsu ɗaya sak, amma ana yaye su aka raba su. Goggonsu ta ɗauki Inna riƙo zuwa ruga wajen danginmu masu shanu, Hajiya kuwa aka bar ta a unguwar Jakara, a ɗakin kakarsu. Hajiya ta tashi 'yar lele, ko atishawa ta yi sai an dama mata kunu an yi mata tofi. Inna kuma ta tashi a hannun matar da ta ɗauki cewa "wayyo" abin kunya ne ga dangi gaba ɗaya.

Sun haura saba'in, amma rainon nan bai sake su ba. In za ka gaida Hajiya, fara neman kujera, domin daga ciwon kai za ta faro, ta biyo wuya da ƙugu, sai ta dire a tafin ƙafa. Matar da ke tashi da malmala biyu ta tuwo, kuma ba bikin da ke wuce ta daga Shahuci har Ƙofar Mata. Inna kuwa amsarta ɗaya ce rani da damina: "Lafiya lau." Ga shi ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni. Sunana a bakinta "waccan".

Wata bazara na lura Inna ta fara sa safa, ana wannan zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ta koma salla a zaune, ta rame, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran nan ina haɗa wanki na ci karo da safar, duk jini da mugunya. Nan take na tuna maƙwabcinmu, da haka ciwon suga ya fara masa, ƙarshe aka yanke ƙafar.

Na ce, "Inna, me ya sami ƙafarki?"

Ta dubi bango ta ce, "Ƙafa tana nan inda Allah ya ajiye ta."

Na yi maganar asibiti, ta ce masu ciwo ke zuwa can. Na turo ƙannena, ta kore su. Tsoro ya kama ni sosai, na rasa inda zan sa kaina, sai na nufi Jakara.

Sai da na saurari cututtukan Hajiya na ranar kaf kafin na samu na saka tawa. Ina gama bayani ta miƙe zumbur, ciwon ƙugun ya bi iska. Ta ce, "Bar ni da ita. Ciki ɗaya muka kwanta."

Washegari da hantsi sai ga adaidaita sahu a ƙofar gida, an sauko da Hajiya tana nishi tana salati. Ta zube a tabarmar Inna ta ce, "'Yar'uwa, raka ni asibiti. In tafiyar ce ta zo, in tafi a hannunki." Inna ba za ta je don kanta ba, amma ba ta iya ƙin 'yar'uwarta. Ta ɗauki mayafi, ta taka ƙafar nan har bakin titi ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Ni ma na bi su asibitin.

Likitan matashi ne, sa'an autanmu. Hajiya ta gyara zama ta jero masa duk abin da na gaya mata: ƙishirwa, yawan fitsari, rama. Da ta ce rama, sai da ya saci kallon damatsanta. Ta ce babban yatsan ƙafar dama kuwa kamar ana hura masa wuta. Ya sunkuya ya duba. Ƙafa sumul, ga jan lallen bikin shekaranjiya.

Ya ce, "Hajiya, ƙafar nan ta fi tawa lafiya."

Ta ce, "Ɗan nan, kai boko kawai ka karanta. Mu tagwaye ne. Ciwo a jikinta yake sauka, ni nake jin zafin. Duba tata."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na dake na ce, "Haka ne, likita, tun suna yara. Ranar da aka cire wa Inna haƙori, kumatun Hajiya ne suka kumbura." Ban san daga ina wannan ta fito min ba. Allah ya sa ɗan cikin gari ne, ya san dawan garin. Ya gyaɗa kai kamar a littafi ya karanta, ya ce, "To ai kuwa maganin Hajiya yana ƙafar Mama."

Inna ta ce, "Ni lafiyata lau."

Hajiya ta fashe da kuka, har da fyace hanci. "Shi ke nan, bar ni in mutu. Dama tun muna goye aka raba mu."

Can Inna ta ce, idonta a ƙasa, "A ce wa waccan ta fita."

Na fita na jingina da bango, ina dariya hawaye na zuba. Da likitan ya kira ni, fuskarsa ba wasa. Ya ce gyambo ne ya ci ya yi zurfi, suga ya hau sosai, da an ƙara jinkiri da ba yatsan kaɗai za a rasa ba. Aka ba ta gado nan take.

Kafin a wuce da ita, yana cike takarda ya tambaye ta yadda take ganin lafiyarta: mai kyau ƙwarai, mai kyau, dama-dama, ko maras kyau. Ta ce, "Mai kyau ƙwarai, alhamdu lillahi." Hajiya da aka gwada komai nata aka samu garau ta leƙo ta ce, "Ni rubuta min maras kyau. Ko akwai wanda ya fi shi muni?"

Kwana uku da kwanciyarta, ina ɓare lemo na ba su baya, na ji Inna tana magana ƙasa-ƙasa da Hajiya. Ta ce tana 'yar shekara bakwai ƙaya ta shige mata a wajen kiwo, ta dawo tana kuka. Goggo ta ce 'yar gidansu ko a gaban shanu ba ta kuka, ta sa aska ta cire ƙayar, ta hana kowa ya ce mata sannu. "Tun ranar bakina bai ƙara iya faɗa ba." Wannan karon kukan Hajiya na gaske ne, ba fyace hanci, ba surutu. Ni ma na ji tausayin Inna irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai Inna ta ƙara da cewa, "Kuma ki ce wa 'yarki ta rage ƙarya. Haƙorana duk suna nan."

Ashe tun daga tabarma ta gane mu. Hanya kawai take nema da za ta bi ba tare da ta ce tana ciwo ba.

Ƙafa ta warke, yatsa yana nan. Har yau kullum da safe Hajiya kan buga mata waya ta ce, "'Yar'uwa, yau ina ne yake min ciwo?" Inna ta ce, "Yau gwiwarki ce ta hagu." Hajiya ta kira ni ta sanar da ni, ni kuma in nemi magani.

Abin da na koya shi ne, in ka tambayi tsoho lafiyarsa, sau da yawa wanda ya raine shi ne yake ba ka amsa, ko da ya daɗe a kabari. Saboda haka na daina tsayawa a "lafiya lau", sai na duba ƙafa. Kuma duk ranar da 'yata ta fari ta zo min da kuka, sunanta nake fara kira, sannan in ce ta nuna min inda yake mata ciwo.